Haihuwar Guguwa

An yi wata shekara da hukuma ta kafa wa masu tseren karnuka doka, wai kada karya ta haifi fiye da huɗu. Sai ga Guguwa, karyar Mati mafarauci, wadda ba a taɓa shan gabanta a tsere ba, ta zubo bakwai.

Sallau, jami'in hukuma, ya iso da takarda. "Ukun nan, ko ka mayar da su inda suka fito, ko in kwashe duka."

Mati ya dake. "Yallaɓai, wa ya haihu, ni ko ita?"

"Ita mana."

"Takardar laifi fa, wa ake ba?"

"Mai laifi, hannu da hannu."

"Madalla. Ga ta can gindin rumbu, bismillah. Sai dai ka lallaɓa, mai jego ce."

Sallau ya yi taku biyu. Guguwa ta ɗago kai, ta bankaɗo haƙora, ta yi gurnani. Ya tsaya cak, ya zaro biro.

"Me kake rubutawa, yallaɓai?"

"'Ya'ya huɗu," in ji Sallau, yana ja da baya. "Sauran ukun 'yan barka ne."