Ƙarar da Gara Ta Kai Yauƙi

"Yara, ku matso, ga ta nan tafe gare ku."

"Ta ƙaraso, kunnuwanmu a buɗe suke!"

A can cikin kurmi akwai wata halitta, sunanta Yauƙi. Ba kai, ba ƙafa, ba baki. Rawaya ce shar, kamar an zubar da kunu a kan ruɓaɓɓen kututture. A nan take zaune, tana malala a hankali, tana lasar abinta.

Rannan sai Gara ta zo da rundunarta, ta ga kututturen, yawunta ya tsinke.

Ta ce, "Ke, tashi!"

Yauƙi ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Da wace ƙafar zan tashi?"

Gara ta fusata, sai fada. Sarkin kurmi kuwa Gwaggon Biri ne, yana zaune daram a kan kujerarsa ta katako.

Gara ta faɗi ta yi gaisuwa. "Ranka ya daɗe, wata aba ta tare mana abinci. Ita ba dabba ba, ita ba tsiro ba, ga rashin kunya."

Sarki ya ce wa dogarinsa Bushiya, "Je ka kawo mini kanta!"

Bushiya ya je, ya zagaya, ya sake zagayawa. Ya ce, "Baiwar Allah, don Allah ina kanki?"

Yauƙi ta ce, "Ni ma nemansa nake. In ka gani ka gaishe shi."

Bushiya ya zaro ƙaya ya datsa ta biyu. Sai ɓari ɗaya ya ce, "Sannu da aiki." Ɗayan ma ya ce, "Sannu da aiki." Suka matso, suka haɗe. Bushiya ya dunƙule, ya gangara har fada.

Sarki ya ce, "To a shanya ta a rana!"

Aka ɗora ta a kan dutse. Wannan karon Yauƙi ta ji tsoro. Rana ta gasa ta, ta bushe ƙamas kamar ƙanzo. Gara ta yi guɗa, aka hau kiɗa. Ana cikin rawa sai hadari ya haɗo, ruwa ya sauko. Ƙanzo ya jiƙa, ya yi miƙa, ya ce, "Ina kwananku? Bikin wa ake?"

Sarki ya ce, "A ɗura ta a gora, a toshe!"

Aka ɗura ta, aka toshe, aka ajiye a fada. Gara da rundunarta suka tsaya gadi, ba ci ba sha. Yauƙi ta lalubi nan, ta lalubi can, har ta sami 'yar tsaga kamar gashi. Ta tsiyayo siriri siriri, sai ga ta shimfiɗe a gaban sarki.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, an sare ni, an shanya ni, an ɗura ni. Har yanzu ba wanda ya tambaye ni me nake ci."

Sarki ya sosa ƙeya. "To, me kike ci?"

"Wasu 'yan mitsi-mitsin halittu ne da ido ba ya gani, masu zama a jikin ruɓaɓɓen itace. Itacen kansa, wallahi ko ɗanɗana shi ban taɓa yi ba."

Sarki ya juya. "Ke Gara, me kike ci?"

Bakin Gara cike yake. Na rundunarta ma cike. Yunwar gadi ta sa sun hau ƙafafun kujerar sarki.

Ƙaras! Kujera ta karye. Sarki ya yi zaman daɓaro, ƙafafu a sama, bayansa ya goge ya yi ja wur.

Ya tashi yana ihu, "A kamo mini Gara!"

Gara ta nutse ƙasa da gudu. Shi ya sa har yau ba ta fita fili sai ta rufa da laka. Yauƙi kuwa ta malala gida, ba ta isa ba sai da damina ta kusa wucewa.

Saboda haka, yara, kafin ku kai maƙwabci ƙara, ku tambaye shi abin da yake ci.

Ƙurunƙus! Na ɗora ta a kan ɓera, ya shige rami da ita.