Yarinyar Bencin Ƙarshe a Aji Huɗu

Akwai wata budurwa mai share azuzuwa a wata makarantar firamare, yara suna kiranta Anti Mai Shara. Har yau takan ba da labarin ranar da ta fara haɗuwa da wata yarinya ƴar aji huɗu, kuma duk sanda za ta ba da shi sai muryarta ta yi laushi.

An tashi daga makaranta, kowa ya watse. Ta shiga ajin da tsintsiya da tsumman goge allo. Ta ɗaga hannu ke nan za ta fara gogewa, sai ta ji wata ƙaramar murya a bayanta.

"Anti, don Allah kar ki goge. Saura kaɗan."

Ta juya. Wata siririyar yarinya ce rungume da littafin rubutu, fensirinta ya ƙare har bai kai tsawon ɗan yatsa ba.

"Ke ba ki ji ƙararrawa ba?"

"Na ji. Ban gama kwafa ba ne."

Anti ta ajiye tsumman. "To zo ki gama. Bari in fara da shara."

Yarinyar ta matso dab da allo, ta ɗora littafin a kan teburin Malama, ta shiga rubutu. Hasken yamma ya shigo ta taga ya kwanta a gefen fuskarta, garin alli yana yawo a cikinsa. Anti ta share ajin a hankali, har wurin da ta riga ta share ta sake bi, don kada yarinyar ta ji ana jiranta.

Ƴan ajin suna kiran yarinyar Kunkuru, saboda kullum ita ce ƙarshen gama rubutu. Anti ba ta taɓa kiranta haka ba. "Ƙanwata" take ce mata.

A makarantar akwai wata doka: ana zaunar da yara bisa sakamakon jarrabawa. Na ɗaya zuwa na uku su ne a bencin gaba, a haka a haka har a kai bango. Hedimasta ya ce hakan yana sa yara su dage. Yarinyar ita ce ta arba'in da bakwai cikin arba'in da takwas, don haka wurinta yana can ƙurya, kusa da inda ake jibge karyayyun kujeru.

Kuma wannan ce shekararta ta biyu a aji huɗu. Mahaifiyarta, wadda ke wanki da guga kuma ita kaɗai take riƙe da gida, ta riga ta faɗa mata: in ta sake faɗuwa, makaranta ta ƙare, ta zauna ta taya ta aiki.

Anti ta san ɗacin wannan maganar. A aji uku ta bar makaranta lokacin da mahaifinta ya kwanta ciwo. Wani kawunta ya yi alkawarin mayar da ita, ya yi ta maimaita alkawarin shekara uku, har kayan makarantarta suka yi mata kaɗan. Daga baya da kanta ta koyi karatu, a jikin kwalin sabulu, da tsofaffin jaridun da ake naɗe kaya, da allunan da take karantawa kafin ta goge. Shi ya sa ba ta yi wa yaro alkawari. Iyakarta ta ce, "Mu ga gobe."

Tun daga ranar, allon aji huɗu ya zama na ƙarshe da take gogewa.

Saurayin da zai aure ta mai gyaran keke ne, kuma kullum yana jiranta a bakin ƙofar makaranta. Da ya ga jiran ya fara tsawo, sai ya ce:

"Wai allunan makarantar nan haihuwa suke yi ne?"

"Guda ɗaya ne ya yi mini taurin kai."

"Ba komai. Bayan aurenmu ai kin huta da tsintsiyar nan."

Ta yi murmushi kawai, suka jera yana tura keken.

Wata rana, saura mako shida jarrabawa, ta shiga ajin ta tarar yarinyar ba ta zo gaban allo ba. Tana can a bencinta, ta kife kai.

"Ƙanwata, lafiya?"

Yarinyar ta turo mata littafi ba tare da ta ɗago ba. Gwajin lissafi ne. Uku bisa ashirin, da jan biro.

"Anti, na gaji. Kaina ne babu komai. Ko Mama ta ce ba kowane kai ne na boko ba."

Anti ta zauna kusa da ita. Tambayoyin gwajin suna nan a allo, ba a goge ba. Ta dubi allo, ta dubi littafi. Ta sake duban allo.

Malama ta rubuta 38, yarinyar ta kwafi 33. Malama ta rubuta 71, ita ta kwafi 11. Anti ta ɗauki guntun fensirin ta bi lissafin ɗaya bayan ɗaya, tana ƙirgawa da yatsu. Lambobin da yarinyar ta kwafa ba su ne na allo ba, amma amsoshin da ta ba su daidai ne. Kusan duka.

Ta buɗe shafukan baya. Kowane shafi rabi biyu ne. Na sama, wanda aka kwafa daga bencin ƙarshe, duk kurakurai. Na ƙasa, wanda aka kwafa a gaban allo bayan an tashi, tsaf kamar na wata daban.

"Ɗago ki dubi allo. Me kike gani daga nan?"

"Fari-fari. Kamar an zuba ruwa a kai."

"Tun yaushe?"

"Tun da."

"Me ya hana ki gaya wa Malama?"

Yarinyar ta share ido da bayan hannu. "Na ɗauka kowa haka yake gani daga baya. Na ɗauka shi ya sa ake kawo marasa ƙoƙari nan."

Anti ta jawo littafin gabansu. Sai ta kama hannun yarinyar ta ɗora a kan shafin.

"Kin ga wannan? Kin yi daidai. Wannan ma daidai. Kanki lafiyarsa ƙalau, ƙanwata. Nisa ne ya yi miki yawa."

"Za su dawo da ni gaba?"

Bakin Anti ya so ya ce e. Amma abin da ya fito shi ne, "Ke dai ki zo gobe."

Washegari da safe ta tsaya a ƙofar ofishin malamai, littafin a hannu. Mai shara ba ta shiga maganar aji. Malamar aji huɗu kuma ta shekara ashirin tana koyarwa, ba ta son a gyara mata zama.

Ta saurari Anti rabi da rabi, tana duba wasu takardu.

"Yanzu ke ce za ki koya mini aikina?"

"A'a, Malama. Littafin kawai nake roƙon ki duba."

"Kowane malalacin yaro yana da uzuri. In na kawo ta gaba, wa zan mayar baya? Wanda ya yi na ɗaya? Je ki kama aikinki."

Wani malami ya yi dariya ya ce, "An kusa ba ta alli ke nan."

Anti ta ji kunya har cikin ƙashinta. Amma ba ta ɗauke littafin ba. Ta ajiye shi a gefen teburin, a buɗe, ta fita.

Kwana ɗaya shiru. Kwana biyu shiru. Yarinyar tana zuwa, tana zama a ƙuryarta, in an tashi ta matso ta kwafa a kan wasu takardu da Anti ta tsinto mata masu farin baya. A rana ta uku ta ce:

"Anti, ba za a yi komai ba, ko?"

"Ban sani ba. Amma jiya kin karanta mini layi takwas ba tuntuɓe. Yau tara nake so."

Ta karanta goma.

A rana ta huɗu, Anti na share baranda sai ta ji muryar Malama ta taga.

"Ke, ta bencin ƙarshe. Tashi. Karanta mini abin da na rubuta."

Yarinyar ta miƙe, ta ƙura wa allo ido, ta kasa karanta ko kalma ɗaya.

"Taho. Kar ki tsaya sai kin iya karantawa."

Yarinyar ta fara takowa. Ta wuce benci ɗaya, ta wuce biyu, tana ƙanƙance ido. Yara suka fara dariya, wani ya ce, "Kunkuru ya kama hanya!" Ta wuce na biyar, ta wuce na shida. Dariyar ta fara raguwa. Sai da ta iso benci na biyu daga gaba, sannan ta tsaya ta karanta jimlar daga farko har ƙarshe, da murya sarai.



Malama ta daɗe tana juya alli a hannunta. Sannan ta ce wa wasu yara biyu su ɗauko wata ƙaramar kujera, ta sa aka ajiye ta a gefen teburinta.

"Dokar benci ta Hedimasta ce," in ji ta. "Wannan kujerar kuma tawa ce. Zauna. Kuma daga yau duk wanda na ji ya sake kiran wannan sunan, ni da shi ne."

Da aka tashi, Malama ta samu Anti a baranda. Ta miƙa mata littafin, ba ta haɗa ido da ita ba.

"Shekara biyu yarinyar nan tana gabana. Na duba amsoshinta, ban taɓa duba tambayoyinta ba." Sai ta ɗago ta dubi Anti. "Na gode. Ki yafe mini maganar rannan."

Mako biyar ba su isa a cike ramin shekara biyu ba. Yarinyar ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta zo ta goma ba. Ta zo ta talatin da ɗaya, kuma ta ci. An ɗaga ta zuwa aji biyar.

Ranar karɓar sakamako mahaifiyar ta zo, hannuwanta sun yi fari saboda ruwan sabulu. Malama ta yi mata bayani, ta ba ta takardar zuwa asibitin ido. Matar ta juya katin sakamakon, ta sake juyawa, don ba ta iya karatu ba. Sai ta nemi Anti a bakin ƙofar makaranta, ta riƙe hannunta da hannu biyu.

"Ke ce Antin da ake ba ni labari kullum. Allah ya biya ki, ƴata. Ni na ce kanta ba na boko ba ne, ashe ni ce ban gani ba." Ta sauke numfashi. "Amma ina tsoro. Aji biyar wani malami ne daban. Ta talatin da ɗaya ma ai baya ce. In abin ya sake lalacewa, ni ba zan gane ba ko an buɗe mini littafin a gabana. Gara in cire ta yanzu da daɗin nasara, da in bari ta sake shan kuka. Wa zai riƙa duba mata?"

Yarinyar ta ɗago ta kalli Anti.

Anti ta waiwaya. Saurayinta yana tsaye riƙe da keke, ya ji komai. Ya dube ta, ya dubi yarinyar, sai ya sosa ƙeya ya yi murmushi.

"Ni dai na riga na saba da jira," in ji shi.

Anti ta durƙusa har fuskarta ta yi daidai da ta yarinyar. Maganar ta yi mata nauyi a baki, amma ta faɗe ta da ƙarfi yadda uwar za ta ji.

"Na yi miki alkawari, ƙanwata. Ba zan bar makarantar nan ba sai kin gama aji shida. Kowace rana zan duba littafinki, shafi bayan shafi. Mama, ki bar mini ita."

Darasi: Kafin ka ce yaro ba shi da ƙoƙari, je ka zauna inda yake zaune, ka duba abin da ke tare shi. Yaro yana iya jure wahala mai yawa in ya samu mutum ɗaya da ke jiransa ya gama, kuma ba sai mai digiri ne zai zama wannan mutumin ba. Ku tura wannan labarin ga iyaye da malamai, da duk wanda ya taɓa tsaya muku kuna ƙanana, ku ce masa kun gode.