Sarki da Ƙadangaren Taga

An ce, kuma ni ban ƙara gishiri ba sai ɗan abin da miya ke bukata, wai an yi wani sarki wanda Allah Ya ba shi mulki da dukiya da lafiyayyen ciki, amma Ya jarrabe shi da son a ce masa ya yi daidai. Al'adar fadarsa kuwa, duk abin da ya fito daga bakinsa sai fadawa su amsa baki ɗaya, "Daidai ne, zaki." In ya ce rana ta yi zafi, daidai ne. In ya juya ya ce sanyi yake ji, nan ma daidai ne. Abin ya bi jikinsa har ba ya sanin ya ƙoshi sai an tabbatar masa, ko wanka ya shiga sai an tsayar da bafade a bayan zana yana amsa wa ƙarar ruwa. Masu manyan littattafai suna da tasu ruwayar. Ni karatuna bai yi nisa ba, amma a bakina hikayar ta fi zama.

Wata rana sarki ya fita kewaya gari, ya tsaya gindin wata tsamiya, ya dubi sama fes ba ko gajimare, ya ce yau za a yi ruwa. Fadawa suka amsa, masu tallar goro suka amsa, har wani kurma da ya ga bakuna suna motsi ya amsa. Sai wani tsoho mai tufkar igiya, ana ce masa Jatau, wanda ke zaune shi kaɗai a bukkarsa a wurin. Ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata, ya koma kan ramarsa, bai ƙara ko uffan ba.

Rashin amsawar nan ya dami sarki, ya sa aka kawo tsohon fada, ya tambaye shi ko bai ji maganarsa ba ne.

Jatau ya ce, "Na ji, ya sarki, Allah Ya ja zamaninka. Da na dubi sama ne na ga ita ba ta ji ba."

Sarki ya fusata, ya lalubi azabar da ta fi kowace tsanani a saninsa, ya yanke a kulle tsohon a ɗaki shi kaɗai, kada kowa ya ce masa ko sannu, ba zai fito ba sai ya ce daidai ne. Fadawa suka amsa. Waziri har da hawaye don tausayi.

Da aka daɗe, sarki ya je da kansa ya ga yadda kaɗaici ya rame shi. Aka buɗe ƙofa, sai ga Jatau ya yi kumatu, ya warware tabarmar ɗakin ya tufke igiya da ita, yana 'yar waƙarsa. Har ya roƙi a ƙara masa kwanaki, wai nan awakin maƙwabta ba sa cinye masa rama.

Sarki ya ce, "Kai tsoho, da wa kake hira a nan?"

Ya ce, "Da Jatau, ya sarki. Mun daɗe muna rigima da shi. Ga taurin kai, ga kunne ɗaya ya fi ɗaya girma, ga murya kamar ta kwaɗo. Da na ga ba inda zan kai shi na ajiye, sai muka shirya. Yanzu ba ni da abokin zama kamarsa."

Girman kai ya motsa. Sarki ya ce in mai igiya zai iya zama da kansa, ai zama da sarki ya fi daɗi, shi ma zai shiga daga hantsi zuwa la'asar. Aka fito da Jatau aka tsare shi a zaure, aka rufe sarki, kowa ya janye.

Sarki ya zauna, ya yi gyaran murya, ya jira. Shiru. Ya ce ɗakin yana da kyau. Shiru. Ya tashi ya durƙusa a gefe, ya sauya murya ya ce wa kansa daidai ne zaki, gwiwa ta yi ƙara, kunya ta kama shi. Ya kawo barkwancin nan nasa da yakan sa fadawa birgima, ya saurare shi da kunnensa, ya ji ko murmushi bai kai ba.

Yana gab da buga ƙofa sai ga ƙadangare a taga, ya tsaya yana gyaɗa kai. Sarki ya ji sanyi a ransa, ya gyara zama, ya ce za a yi ruwa. Ƙadangare ya gyaɗa kai. Ya ce shi ne mafi hikimar sarakuna. Ya gyaɗa. Sai wani abu ya ɗarsu a zuciyarsa, ya ce, "Ni jaki ne." Ƙadangare ya gyaɗa har da ɗagawa a kan ƙafafunsa.

Sarki ya zuba wa ƙadangaren ido. Can ya ce a hankali, "Na kulle tsoho saboda sama ta ƙi ruwa." Ƙadangare ya gyaɗa kai, sarki kuwa ya ji hukuncinsa tsirara, ba kiɗa ba amshi. Ya cire takalmi ya jefi taga.

Da la'asar ya fito da takalmi ɗaya, ya tarar da fada ta cika. Ya dubi fadawa ya ce, "Ni jaki ne."

Baki ya riga hankali. Suka amsa, "Daidai ne, za..." sai kowa ya haɗiye sauran, waziri ya shiga neman wani abu a cikin hannun rigarsa.

Sarki ya yi dariya har rawani ya karkace. Ya sa aka kawo Jatau, ya nemi gafararsa a gaban jama'a, ya ce ya zalunce shi, ya sallame shi da sabuwar tabarma.

Tsoho ya ce, "Wannan kam daidai ne, ya sarki."

Sarki ya ce, "Riƙe abinka, baba. Na riga na sani tun a ɗaki."

Daga ranar ba ya yanke shari'a sai ya shiga ɗakin nan ya faɗa wa kansa ita da ƙarfi, taga a toshe. Yakan ce wa alƙalansa: hukuncin da ba zai iya tsayawa da ƙafarsa a ɗaki shiru ba, zalunci ne, ko da duniya duka ta gyaɗa masa kai.