Tsingaron Gwaggo Turai

Akwai wani mutum, Hayatu, ma'aikacin jami'a mai binciken kayan tarihi. Lokacin da ake gina dam ɗin Bakolori aka turo shi wani ƙauye tsakanin Maradun da Talata Mafara, saboda katafila za ta baje filayen wajen don noman rani.

A hoton jirgin sama an ga da'ira biyu ta ƙasa, kamar tsohuwar ganuwa. Masu aikin suka ce guda ɗaya tak za su bari. Wadda ya kafa wa jan fegi ta tsira, ɗayar kuma ran Asabar ta tafi.

To jama'a, ɗaya doguwa ce, ta kai ƙirjin mutum. Ɗayar kuwa sai an nuna maka, ɗan tudu ne kawai a cikin gero. Hayatu bai wani ɓata lokaci ba, ya kafa fegi a babbar. Ya tono tsingaron tukwane masu zane, ya shanya a tabarma, har ya rubuta a littafinsa cewa wajen zai kai shekara dubu.

Ran Alhamis da hantsi sai ga wata tsohuwa mai ginin tukwane, sunanta Baturiya, da kwandon yumɓu a ka, tana nishi. Hayatu ya tashi ya sauke mata, ya gaishe ta har ƙasa, ya ba ta ruwa.

Tana sha idonta ya kai kan tabarma. Sai ta tuntsire da dariya.

"Ɗana, ina kas samo tukunyar Gwaggo Turai?"

"Wace Gwaggo, Inna? Wannan kayan mutanen dā ne."

"Mutanen dā? Wagga da ta goye ni? Ga zanenta nan, da totuwar masara taka yin shi. Ganuwagga ma da ni anka yi ta, don tare ruwa, shekarar da gulbi ya ci gari. Ina yarinya, ni ka ɗaukar ƙasa ga kwando."

Labaran direban katafila yana gefe yana cin goro. Ya ce, "Malam, kai da ka zo da takardu daga jami'a, tsohuwa za ta koya maka aiki? Inna, je ki gasa tukwanenki."

Wallahi maganar ta soki Hayatu. Kwana huɗu ya yi yana awo a rana. Ya kalli littafinsa, ya kalli tsohuwar, sai ya zauna a ƙasa ya ce, "Inna, nuna min."

Ta gutsuro yumɓu, ta samo totuwa ta murza a kai. Zanen ya fito sak irin na tsingaron. Nan ya gane kuskurensa, don ya sani sarai babu masara a ƙasar nan shekara dubu da ta wuce.

Ya ce, "To waccan ƙaramar fa?"

"Can nika ginar yumɓu. Ka dubi geron wajen, ya fi kore a zagaye, tsohon kwari ne ya cike. In na yi zurfin tsayin mutum, ina iske tsingaro mai kauri da kashin maƙera. Shekarata sittin ina gini, ban san hannun mai shi ba. Kakata ma ta ce ba ta sani ba."

A ranar Hayatu ya cire fegi ya mai da can. Ya yi tono inda ta nuna, ya samu gawayi a ƙarƙashin tudun, ya aika a auna shekarunsa. Ran Asabar Labaran ya baje babbar, ƙaramar ta tsira.

Bayan wata takwas sakamako ya fito. Gawayin ya haura shekara dubu. Da ya bi son zuciyarsa, da ƙaramar katafila ta haɗiye.

Hayatu ya dawo ƙauyen, ya iske Baturiya tana gini a ƙofar gida. Ya nuna mata rahotonsa, sunanta a shafin farko. Ta ce, "Madalla, amma ni ban karatun boko."

Sai ya kwance hankici ya miƙa mata tsingaron Gwaggo Turai. Ashe ya adana shi. A bakin tsingaron akwai shatin babban yatsa. Tsohuwa ta ɗora nata a ciki, hawaye na zuba.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana. Ko kabarinta ban san inda yake ba yanzu."

Hayatu ya ce, "Ni ne da godiya, Inna."

Darasi: Kada takardarka ta hana ka zama a ƙasa ka saurari wanda ya girmi takardar. Kuma in an taimake ka, ka koma ka yi godiya. Ku tura wa 'yan uwa, watakila akwai tsohuwa a gidansu da ba wanda ke tambayarta komai.