Sunan Jaririyar Hanne

Ku gyara zama ku ji, mai gyangyaɗi kuma ya je ya wanke ido, don in na gama sai kowa ya faɗi nasa.

Hanne 'yar gidan masu ɗori ce, gidan da tun kaka da kakanni ake kawo musu karaya daga garuruwa. Tana da shekara bakwai ta faɗo daga bishiyar kanya, ƙaurinta ya karye har ƙashi ya huda fata. Mahaifinta ya ja ƙafar, ya jera kara, ya ɗaure tamau kamar yadda ya saba. Bayan kwana huɗu yatsun suka kumbura suka yi baƙi, ɗaki ya soma wari. Kowa ya gani, kowa ya kawar da kai, domin a gidan nan abin kunya ne a ce an kai ɗansu asibiti saboda ƙashi.

Ƙanwar mahaifinta, Goggo Ramatu, ita ce ta ƙi kawar da kai. Ta jira maza suka tafi gona, ta goya yarinyar, ta yi tafiyar wuni guda a ƙafa kafin ta kai bakin titi. Likita ya ce da an ƙara kwana biyu, ba ƙafa kaɗai za a rasa ba. Da Ramatu ta koma gida, yayanta ya tare ta a zaure ya ce, "Kin tona mana asiri. Je ki." Ba ta sake taka gidan ba har ta rasu, kuma Allah bai ba ta haihuwa ba.

A asibiti ciwon ya ci cikin ƙashi, likitoci suka yanke shawarar a yanke ƙafar. Akwai wata nas a ɗakin yara, Sista Rahila, mai faɗa kamar me, amma hannunta da sanyi. Ita ta roƙa a ba ta mako biyu. Sau uku a rana take buɗe gyambon ta wanke mugunya, ta juya Hanne don kada bayanta ya saɓule da kwanciya, ta ba ta kunu a baki in ta ƙi ci. Har kitso ta yi mata a kan gado. Mako biyu ya zama wata tara, ƙafa ta tsira. Ranar sallama Hanne ta yi ta waige a bakin ƙofa, ashe an mayar da Sista wani gari, ko sallama ba su yi ba.

To, an cire simintin da aka ɗaure ƙafar da shi, sai gwiwa ta ƙage, ƙafar ta zama kamar taɓarya. Aka ce sai an riƙa lanƙwasa ta safe da yamma, in ba haka ba ta tafi kenan. Uwarsu ta gwada sau ɗaya, ta ji ihun 'yarta, ta ce wallahi ba za ta iya ba. Sai yayar Hanne, Sahura, ta karɓa. Shekara biyu cur tana danne ta a kan tabarma tana lanƙwasa gwiwar, Hanne na cizonta, tana yaƙushinta, tana ce mata muguwa. Ranar da Hanne ta jefar da sanda ta taka da kanta, kowa ta je wa da murna ban da Sahura. Ba a jima ba aka yi wa Sahura aure can Agadas. Da za a tafi da ita ta leƙo ɗaki ta ce, "Hanne, ba za ki raka ni ko zaure ba?" Hanne ta juya mata baya. Kai, ƙuruciya!

Yau shekara goma sha huɗu kenan. Hanne ta yi aure, ta haifi 'ya mace bayan wahalar da ta sa likita ya ce wata haihuwar kuma sai dai ikon Allah. Ana gobe suna, mijinta Tukur ya shigo da la'asar ya tsuguna ya ce, "Ke kika sha wuya. Zaɓi sunan da kike so, shi liman zai raɗa."

Da ya fita, Hanne ta buɗe zanin jaririyar ta riƙe 'yan ƙafafunta, tana shafa yatsun ɗaya bayan ɗaya, sai kewa ta taso mata. Ta tuna ƙanshin man shanu a gashin Goggo ranar da ta goya ta, ga shi babu mai kiran sunan Ramatu a duniya yanzu, ko a gidan ubanta. Ta tuna Sista, wadda wataƙila tana can da ranta ba ta ma san ko yarinyar nan ta taka ƙasa ba. Ta dubi gwiwarta da ta naɗe a ƙarƙashinta ba tare da ta sani ba, ta tuna tabon haƙoranta a hannun Sahura. Sahura ce kaɗai labarin zai iya kai wa, kuma har yau tana can tana zaton ƙanwarta ba ta yafe mata ba.

Hanne ta yi kuka har jaririyar ta farka. Da 'ya'ya uku Allah ya ba ta da ta huta, amma ɗaya ce, gobe da safe kuma liman zai tambaya.

To, jama'a, ga ku ga Hanne. Da ba don goyon Ramatu ba, da babu rai. Da ba don hannun Rahila ba, da babu ƙafa. Da ba don taurin zuciyar Sahura ba, da ƙafar tana nan ba ta takuwa. Sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?