Ƙafar Jar Mota

Ina da jika, ɗan babban ɗana, mun laƙaba masa Ɗan Ƙwalisa. Yaro ne mai kirki, amma bai yarda gwiwarsa ta taɓa ƙasa ba. Ko tsinke ya faɗi masa, gara ya bar shi da ya ɓata gugar wandonsa.

Ranar da ya je sayen wata jar motar tsere ta hannu, mai ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa, ya tafi da ni don in sa albarka, da kawunsa bakanike. Sanye yake da farin wando.

Da aka ɗana ta a titi, mai sayarwa ya ƙure kiɗa. Duk da haka, da muka hau rami sai na ji ƙwas-ƙwas a gaba ta hannun dama.

Na ce, “Kashe wannan hayaniya. Motar nan ƙafarta na ciwo.”

Ɗan Ƙwalisa ya yi dariya. “Haba tsohuwa, gwiwarki ce ke ƙara. Mota ai ba akuya ba ce.”

Kawunsa ya ce, “Kakarka ta yi gaskiya, mu ma ƙafa muke kiranta. Danna gefen nan ka gani, in ta yi ta lilo shokozoba, mai shanye girgiza, ya mutu. A ɗaga ta da jak ka girgiza tayar. Durƙusa ka leƙa ko robobin ƙafar sun yage, ko mai na tsiyaya.”

Yaron ya dubi ƙasa, ya dubi wandonsa. “Kawu, dubi fenti fa! Ka ji injin? A bar wahalar nan.”

Kawun ya ce to shi zai shiga ƙarƙashi. Mai mota ya ce akwai wani mai saye yana hanya. Nan take jikana ya karɓi makulli.

Tun daga ranar hankalina bai kwanta ba. Ina jin shigowarsa layi tun kafin in gan shi, kuma ƙwas-ƙwas ɗin kullum ƙaruwa yake. Tayar dama ta cinye ta gefe ɗaya. Na nuna masa da sandata, ya ce zai duba. Bai duba ba.

Matarsa na da tsohon ciki. Wata safiya bayan ruwan sama naƙuda ta taso mata. Aka cusa ni a baya, gwiwoyina a haɓa, ita tana gaba tana damƙe da hannuna ta kan kujera.

Na ce, “A hankali, ɗan nan.”

“Kaka, sauri ake yi!”

Sitiyari na rawa a hannunsa. Ƙarar ta koma gwaram-gwaram. Ina salati, yarinya tana nishi. Muna hawa tudun rage gudu sai ji kake ƙarau! Tayar dama ta lanƙwashe ciki, mota ta durƙusa, ta ja hanci har bakin kwata.

Ƙofar yarinya ta ƙi buɗuwa. Ta ce, “Kaka, zan mutu a nan?”

Na ce, “Rufe min baki, ba inda za ki.” Na ƙara damƙe hannunta.

Mutane suka taru suka ɗaga gefen motar aka zaro ta. Wani mai motar kai burodi ya kwashe mu zuwa asibiti. Da na waiga, ga Ɗan Ƙwalisa a gurfane cikin taɓo, yana leƙa ƙarfen da ya tsinke.

Allah Ya rufa asiri, ta haifi ’ya mace lafiya. Ya iso da wando baƙi ƙirin, ya kasa haɗa ido da ni. Kafin in miƙa masa jaririyar na ce, “Zauna tukun. Ban yarda da ƙafarka ba.”

Darasin da ke ciki shi ne, in za ka sayi tsohuwar mota, fenti da rurin inji ba su ke ɗauke da kai ba, ƙafa ce. Kashe kiɗa ka saurara, ka danna, ka girgiza, ka durƙusa ka leƙa. Wando sabulu ke wanke shi, amma rai ba ya dawowa.