Yadda Ganyen Kalgo Ya Yi Kunne Biyu

Dalilin da ya sa ganyen kalgo ya rabu biyu, yara, babban al'amari ne da ya shafi jarumtar kakanninmu. Wato taurin kai ne, amma da yake na mutanenmu ne, jarumta muke ce masa.

A da, ganyen kalgo zagayayye ne kamar faifai, kuma mafarauta sun san in an murje shi an ɗora a kan rauni, jini yakan tsaya. Sai dai suna da wata al'ada: wanda aka fara ɗaure wa rauni, shi ne ragon wannan farauta, shi 'yan mata za su saka a waƙa har kaka.

Wata rana Jatau da taubashinsa Nomau suka bi sawun gadu cikin dajin da gobara ta cinye. Gadun ya gaji da rakiya, ya juyo ya bi ta tsakaninsu. Haure ɗaya ya tsarge ƙwaurin Jatau na hagu, ɗayan ya tsarge na Nomau na dama. Suka ja jiki zuwa gindin wani kalgo da wuta ta bar wa ganye ɗaya tak.

Jatau ya tsinko shi ya miƙa. "Karɓi, bawana. Jininka na ɓata wa mutane daji."

"Wannan ƙwarzanen?" in ji Nomau. "Ɗaura abinka, ƙashinka nake hangowa."

"Iska yake sha."

Suka yi ta yi, ƙasa tana shan jini. Jatau ya dubi leɓen Nomau, ya ga ya yi fari fat. Ya san halin gidansu: mutumin nan zai mutu a nan yana murmushi, shi kuma a bar shi da yi wa gwaggonsa, uwar Nomau, bayani. Amma waƙar 'yan mata ma ba ƙaramar mutuwa ba ce.

Sai ya murje ganyen, ya tsaga shi zuwa tsakiya, ya bar gindin a haɗe. Ya matso da ƙafarsa jikin ta Nomau, ya ɗora kunne ɗaya nan, ɗaya can, a lokaci guda. Ya ɓare ɓawon kalgon ya ɗaure ƙafafun biyu tamau.

"Wa aka fara yi wa?" Nomau ya tambaya da ƙyar.

"Tambayi kalgo."

Jini ya tsaya. Suka shiga gari su biyu da ƙafa uku, 'yan mata suka rasa wanda za su yi wa waƙa.

Kalgo kuwa ya ga wannan aiki ya fi duk wanda ya taɓa yi, ya ƙi komawa siffarsa ta da.

Shi ya sa har yau duk ganyen da ya fitar kunne biyu ne, gindi ɗaya. Jikokin Jatau da na Nomau suna nan, kowane gida na cewa kakansu ne ya ɗauko ɗayan.